Zauren Iyali: Wa ke lura da mai ba da shawara?

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana a watan jiya, ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta ko garinta, mun kuwa yarda. Ta ce zaman aurenta ya yi tsami, sai ta tafi wurin wani mutum da ake yabonsa a unguwarsu wajen ba ma'aurata shawara. Ta zauna ta amayar masa da cikinta, har da abin da ba ta taɓa gaya wa uwar da ta haife ta ba. Bayan mako biyu ta shiga taron addu'a na ranar Laraba, sai ta ji mutumin nan ya miƙe yana roƙon jama'a su yi addu'a domin wata 'yar'uwa da gidanta ke girgiza. Bai kira suna ba, amma ya faɗi yawan 'ya'yanta da sana'ar mijinta. Kowa ya waiwayo. Tun daga ranar ba ta sake taka majami'a ba. Tambayarta guda ce: ina zan kai kukana?

Tambayar nan, 'yan'uwa, ita ce babban dalilin da ya sa masu sana'ar ba da shawara a ƙasashe da yawa suka kafa wa kansu ƙungiyoyi. Wanda ya kai damuwarsa wurin wani ya zama marar ƙarfi a gabansa, gama ya miƙa masa wuƙa da nama. In likita ya yi ganganci akwai majalisar likitoci, in lauya ya ci amana akwai inda za a kai shi. To, wanda aka ba asirin gida fa?

A Amurka ƙungiyoyi huɗu ne suka haɗu a shekara ta 1952 suka zama ɗaya. Ta canja suna sau biyu, tun 1992 kuma ake kiranta Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Amurka. A 1961 ta fara rubuta ƙa'idodin aikinta, ta kuma yi ta gyara su, har da gyaran 2014. Mun karanta su, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yawancinsu ba domin jin daɗin mai ba da shawara aka rubuta su ba, domin kāre wanda ya zo neman taimako ne. Dole a riƙe masa asiri. Dole a gaya masa tun zaman farko abin da za a yi da maganarsa. Kada mai ba da shawara ya kama aikin da bai koya ba, sai dai ya aika da mutumin wurin wanda ya iya. An haramta masa neman wadda yake ba shawara da soyayya, ko bayan sun gama ma sai shekara biyar ta wuce kafin a saurari irin wannan zance. Wanda ya karya ƙa'ida ana iya kai ƙararsa, a bincika, a tsawata masa ko a fitar da shi daga ƙungiya.

Amma fa riƙon asiri ma yana da iyaka, kuma da jini aka koyi wannan. A 1969 wani ɗalibi a jihar Kalifoniya ya gaya wa masanin da ke duba shi cewa zai kashe wata yarinya. An sanar da 'yan sandan jami'a, suka yi masa tambayoyi suka sake shi, ba wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Ya kuwa kashe ta. Iyayen suka kai ƙara, a 1976 babbar kotun jihar ta yanke cewa idan rai yana cikin haɗari, wajibi ne mai ba da shawara ya ɗauki mataki ya kāre shi. Saboda haka ƙa'idodin suna cewa a buɗe baki idan wani zai hallaka kansa ko waninsa, ko idan doka ta bukata. Neman addu'a a gaban jama'a ba ya cikin wannan lissafi.

A Ingila akwai wani abu da muke so dattawan ekklesiya su lura da shi. Ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1977, tana bukatar membobinta masu aiki su riƙa zama da wani gwani a kai a kai, ga waɗanda ta tantance kuma aƙalla awa ɗaya da rabi kowane wata. A wurin zaman mai ba da shawara yakan shimfiɗa aikinsa, ba tare da tona sunan kowa ba, gwanin ya nuna masa inda ya kauce, ko inda zuciyarsa ta fara karkata ga wani. Ko wanda ya shekara talatin yana aikin ba a ɗauke masa wannan ba. Mu a nan mukan ɗauka furfura ta isa shaida. A can sun gane cewa mai ɗaukar kayan mutane kullum, in ba shi da inda zai sauke, wata rana zai sauke a inda bai kamata ba. Muna zaton abin da ya sami mutumin da 'yar'uwarmu ta je wurinsa ke nan. Mai yiwuwa ba mugunta ba ce, nauyi ne ya yi masa yawa, ba kuwa wanda ya taɓa koya masa yadda zai yi da shi.

A ƙasarmu kuwa aikin ya faro ne daga makarantar mishan. A 1959 sistocin Katolika na Kwalejin Santa Teresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga sana'o'i dabam dabam su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayani a kan aikin da za su kama. Daga wannan ɗan taro aka sami majalisar ba da shawara kan sana'a ta Ibadan, daga baya ta zama ta ƙasa duka. A 1976 aka kafa Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Nijeriya, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na fari. Abin dariya, da farko gajeren sunanta CAN ne, daidai da na Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya da aka kafa a shekara guda, sai daga baya suka koma CASSON domin a daina ruɗewa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da bukatar masu ba da shawara a makarantu, shi ya sa yawancin membobinta malaman makaranta ne da na jami'a. Tana yin taro kowace shekara, tana buga mujallar bincike, ta kuma daɗe tana neman gwamnati ta sa doka a kan sana'ar. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista da lura da su. A Amurka ma haka aka sha jira: jihar Bajiniya ta fara ba da lasisi a 1976, Kalifoniya ba ta bi sahu ba sai 2009.

Kada mu yi wa ƙungiyoyin nan kwalliyar da ta wuce su. Suna kuma tsaron tuwon membobinsu, suna karɓar kuɗin shiga, wani lokaci suna jan ƙafa idan ƙara ta shafi babba a cikinsu. Takarda ba ta ba mutum hikima. Mun san tsofaffin mata a zumunta da ba su taɓa shiga aji ba, amma maganar da ta shiga kunnensu ta shiga kabari. Bambancin shi ne, idan mai takarda ya ci amana akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Masu bi a ƙasashen waje sun ga amfanin haka, fastoci masu ba da shawara a Amurka suka kafa tasu ƙungiya a 1963, domin sun san kiran Allah bai ɗauke wa bawansa ba da lissafi ba.

Don haka kafin ka aika da matarka ko 'yarka wurin kowa, ko kafin ka je da kanka, ba rashin kunya ba ne ka yi tambaya. A ina ya koyi aikin? Wa ke bisansa? Wa zai ji abin da za a faɗa, har da matarsa? Idan ya ɓata rai saboda tambayar, ka riga ka sami amsa. Majalisar dattawa kuma tana iya zama ta rubuta 'yan ƙa'idodi a takarda guda, ta karanta wa jama'a: ba a kai maganar kowa gaban taro sai da izininsa, namiji ba ya kulle ƙofa da matar wani, wanda ya zo da ciwon da ya fi ƙarfin addu'a da nasiha kaɗai a raka shi asibiti, ga kuma dattawa biyu, mace da namiji, da za a iya kai musu ƙara. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ga 'yar'uwarmu kuwa, ga abin da muka rubuta mata. Idan mutumin nan yana da rajista a wata ƙungiya, ta rubuta musu, ta sa rana da wuri da abin da aka faɗa. Idan ma'aikacin ekklesiya ne kawai, ta bi tsarin da Ubangijinmu ya shimfiɗa cikin Matiyu sura 18. Ta fara samunsa ta gaya masa laifinsa, in tana jin nauyi ta tafi da wata dattijuwa amintacciya. In bai ji ba ta kai wa dattawa, in su ma sun yi shiru ta kai majalisar gunduma. Mun kuma roƙe ta ta koma sujada, ko da a wata majami'a ce na ɗan lokaci, ta kuma sake rubuto mana yadda ta kaya. Fastoci da dattawan da suka riga suka rubuta irin waɗannan ƙa'idodi a ekklesiyarsu su aiko mana, za mu buga su a wannan shafi.