Yaron da ke son mota, kada a raba shi da aji

A Saulawa da sauran garuruwan Ikara, Maƙarfi da Kudan, idan kana neman wanda ya ƙwallafa rai a kan mota, gareji za ka nufa ko tasha. Can za ka tarar da bakanike, mai faci, mai walda, mai fenti, mai gyaran waya, da direban da ya fara daga yaron mota. Akasarinsu ba su mallaki ko taya ɗaya ba, amma daga jin ƙarar inji suna iya gaya maka abin da ke damunsa. Da wannan soyayya suke ci da iyali, kuma da ita yankin ke numfashi, domin raken Maƙarfi da tumatirin Ikara da inabin Kudan ba sa kai kansu kasuwa. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Mota ta kwana biyu a kan hanyar Zariya zuwa Kano saboda an rasa mai gyara, manomi ne zai yi kuka.

Kuskuren da ake yi shi ne, da an ga yaro ya fi son sifana da biro, sai a cire shi daga makaranta a danƙa wa oga. A da hakan ya yi aiki. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 504 ta cika hanyoyin Arewa, kuma injinta mai kafireta ido da kunne da hannu sun isa a gane shi. Motocin da ake shigowa da su yanzu kwamfuta ke sarrafa man da suke sha. Sai an jona na'ura ta fito da lambar matsalar, da Turanci, kafin a san inda za a taɓa. Wanda bai iya karatu ba sai ya koma canke, ya sauya wannan ya sauya wancan da kuɗin mai mota, ƙarshe a ɗauki aikin a kai Zariya ko Kano. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 an kuma shigo da batun mayar da motoci su yi amfani da iskar gas, aikin da ganganci a cikinsa kan jawo asarar rai.

Wasu za su ce oga bai taɓa shiga aji ba, ga shi ya gina gida har ya sauke farali. Gaskiya ne, sai dai ya koyi sana'ar a zamanin da ta dace da abin da ya sani, yaronsa kuwa wani zamanin zai tarar. Wasu iyayen tsoronsu daban ne: tasha na lalata yara, ga shaye-shaye, ga tseren ganganci ranar biki. Tsoron yana da tushe, amma hana yaro abin da ransa ke so ba ya kashe son, ɓoye shi kawai yake yi. Yaron da ke aji da safe, gareji da yamma a hannun ogan da uba ya sani, ba shi da lokacin zaman banza.

Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin gwada masu sana'ar hannu ta ba su takardar shaida. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su zauna da ƙungiyar kanikawa su kawo shi garejojinmu, su kuma sayi na'urorin gwajin da za a riƙa koyo da su. Iyaye kuma, ku bar yaro ya riƙe sifanarsa, amma ku tabbata ya gama sakandare.