A Hau Dutse a Ga Ƙasa

Mutanenmu kan ɗauki hawan dutse don kallo kawai a matsayin rashin aikin yi, ko al'adar Turawa masu yawon buɗe ido. Wasu ma tsoron iskoki ke hana su. A ganina ɗalibin Hausa ya fi kowa buƙatar wannan wahala.

Ɗauki Dogondutsi ta ƙasar Arewa, a jihar Doso, garin da dutsensa ya ba shi suna. Wanda ya hau da sassafe, kafin rana ta take, zai hangi kwarin Dallol Mauri a shimfiɗe, ga gonakin hatsi, ga tabkunan da damina ta bari. A nan kalmomin da muke haddacewa a aji ke rarrabuwa: jigawa mai rairayi daban take da faƙo, wanda ruwa ba ya ratsawa, fadama kuwa korenta ke tona ta ko da rani. Kwazazzabo ma ba a saninsa sai an ga yadda ruwa ya tsaga gonar wani.

Yaran birni da yawa sun haɗe duk waɗannan sun kira su "daji". Malamai su riƙa fita da su bayan girbi, kafin hazo ya sauko, tare da dattijon manomi mai faɗin sunan kowane wuri.