Shakka Ba Ita Ce Ƙayar Ba

Idan ɗalibi Kirista ya fara tambaya a kan bangaskiyarsa, sai 'yan'uwa su tsorata, su ce boko ya ɓata shi. Ni ban yarda ba. Mai tambaya, abin yana ransa har yanzu. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda jarrabawa da neman ƙarin girma a ofis da wayar hannu suka cinye wa yini, har ya kwanta bai tuna da Allah ba. A misalin mai shuka, irin da ya faɗa cikin ƙaya ai ya tsiro. Ɗawainiyar duniya ce ta shaƙe shi sannu a hankali.

Ku dubi Toma. Ya ƙi yarda Yesu ya tashi sai ya ga gurbin ƙusoshi, amma bai bar taron almajirai ba. Bayan kwana 8 yana tare da su, a nan kuwa ya sami amsa. Yahaya Mai Baftisma ma, yana kurkukun Hirudus, bai binne tambayarsa ba. Aika wa Yesu ya yi da ita, Yesu kuwa ya yabe shi a gaban jama'a.

To, mu fa? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Yau ga shi a wayoyinmu, amma Bisharar Markus, mai sura 16 kacal, da yawanmu ba mu taɓa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe ba.