Mu kafa aguwa tun ruwa bai sauka ba

A ƴan shekarun nan, duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa a Ɗan Isa ko Ƙonni, sai ya sayi garka ya kewaye ta da waya. Ba mu ce laifi ba ne. Amma ba mu manta da watan Agusta na 2019 ba, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, haka ma a 2023, yadda kayan da muke shigowa da su suka yi wuya. Wayar ma in an same ta, ɓarawo ya kwance rabi cikin dare, tsatsa ta ci saura.

Alhali ga aguwa nan a bakin gonaki, wadda iyayenmu suke shinge da ita. Ba ta biyan kuɗin duwan, dabbobi ba su damu da ita ba, kuma tana tare iska da rairayi. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji suke amfani da ita wajen tsai da tudun rairayi a ƙasar nan.

Masu cewa sun dasa ba ta kama ba, galibi lokaci suka kuskure. Sun jira tsakiyar damina kamar mai dashen mangwaro, ruwa ya ruɓar da ita. Aguwa da bazara ake kafa ta, watan Afrilu zuwa Mayu. A sari reshe mai ƙwari kamar kamu ɗaya, a ajiye shi a inuwa ƴan kwanaki har nonon ya tsaya, bakin saran ya bushe. Sannan a binne kashi ɗaya cikin uku, a jera su kusa da juna, a danne ƙasar da ƙafa. Kada a yi mata ban ruwa. Ruwan farko ya ishe ta.

Gaskiya ba ta rufe garka a shekara ɗaya, don haka a haɗa da ƙaya a farko. A kuma kiyaye ido da nononta, balle na ƴan uwanta tinya da ƙerana, masu ƙuna sosai. Kada a sa yara saran.

Saura batun iri. Mun sha jin kuka a gidan rediyonmu cewa an wayi gari an sare wa mutum shinge. Jama'a, reshen aguwa ba abin sata ba ne. A yi wa mai shingen sallama tun a watan Maris, lokacin da shi ma yake son rage mata tsawo.