Tauraro Ya San Inda Mutum Yake, Amma Bai San Hanyar Isa Ba

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Sabon Birni da Isa. Wannan ita ce jarrabawar da ya kamata a yi wa kowace manhajar nuna hanya kafin Bagobiri ya ba ta gurbi a wayarsa: shin za ta yi aiki ranar da babu sabis?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan sabis ya ɗauke, to taurarin ɗan'adam ma sun ɗauke. Ba haka abin yake ba. Taurarin GPS na Amurka, waɗanda aka fara harbawa a 1978 aka kuma kammala tsarinsu a 1995, suna kewaya duniya ne a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana ta shelar inda yake da kuma lokacin da agogonsa ya nuna. Waya saurare kawai take yi. Da zarar ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin isowar kowane saƙo, ta lissafa inda take tsaye. Lissafin kuwa ba na wasa ba ne, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jefa mutum mita 300 daga inda yake. Yawancin wayoyin zamani suna sauraron GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Duk wannan kyauta ne, ba ya cin data ko kaɗan, sai dai idan babu sabis wayar takan ɗan jima kafin ta gane kanta, kuma ta fi son fili a kan cikin ɗaki.

Abin da ke bukatar intanet ita ce taswirar. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne manhajar ta yarda a sauke taswira a ajiye cikin waya. Google Maps tana yarda da haka, amma yanki-yanki, kuma sai an riƙa sabuntawa. OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke aiki da taswirar OpenStreetMap da aka soma a Ingila a 2004, an gina su ne tun asali domin aiki ba tare da layi ba. A ƙasar da ɗan'uwa ke Tsibiri ko Maraɗi, wajibi ne a sauke ta Nijar tare da ta Nijeriya, domin zumunci bai san iyaka ba, balle kasuwa.

To, amma fa taswira abin da aka zana mata kaɗai ta sani. Manhaja ba ta san cewa hanyar da babur ke ratsawa ta fadamar Rima da rani takan koma ta kwalekwale a watan Agusta ba. Ba ta san Bunsuru ya cika ya batse ba. Mafi muni, an koya mata ta zaɓi hanya mafi sauri, alhali kuwa tsakanin Sabon Birni da Isa da Shinkafi gajeriyar hanya tana iya zama wadda direbobi suka ƙaurace wa tun makon jiya. Muryar da ke cewa a juya dama ba ta taɓa zama a tasha ba. Direba da ɗan kabu-kabu da ɗan kamasho su ne ke da labarin safiyar yau, kuma duk wanda ya fifita waya a kansu ya saka ransa da na fasinjojinsa cikin haɗari.

Inda manhajar ke da amfani na haƙiƙa shi ne wajen riƙe wuri. Masu yaƙi da shan inna sun nuna haka a jihohin Arewa, lokacin da aka riƙa ba masu allurar rigakafi wayoyi masu GPS, aka gano ƙauyuka da rugage da ake tsallakewa, kafin a tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Haka ɗalibin da ke ɗibar ruwan tafki domin binciken tsutsar sauro zai iya komawa daidai gurbin da ya ɗiba bara. Don haka sharaɗi na biyu: manhajar da za ta bari a kafa alama, a rubuta sunan wuri yadda mutanensa ke kiransa, a kuma adana sawun tafiya. A nan OsmAnd ta yi wa sauran zarra, ko da yake maɓallanta sun yi yawa ga ɗan koyo.

Akwai kuma abin kiyayewa. Wayar da ke ɗauke da alamar gida da gona da garke taswira ce ga duk wanda ya ƙwace ta. Kada a sa wa irin waɗannan wurare suna ƙarara, a kulle wayar da lambar sirri, a kuma kashe manhajar idan ba a bukatarta, domin tana shan batir, caji kuwa a ƙauye sai an biya mai janareto ko mai sola.