Ɗakin saurare: gyaran ɗaki kafin sayen na'ura

A Maraɗi da Damagaram, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati kan zuba jaka ɗari da ɗari wajen sayen ampili da manyan lasifika. Ya kai su gida, ya kunna waƙar Shata, sai kalangu ya haɗe da murya, ba a rarrabe baiti. Nan take a ɗora wa mai kanti laifi, alhali sau da dama laifin na ɗakin ne.

Dalili kuwa shi ne, abin da kunne ke ji ba daga lasifika kaɗai yake fitowa ba. Sauti na tafiyar kusan metir 343 a daƙiƙa guda, yana dukan bango da daɓe da rufi, yana dawowa ya hau bisa wanda ya biyo bayansa. Bangon siminti mai santsi, da daɓen karo, da gilashin taga, duk mayar da sauti suke. Ga su kuwa su ne adon gidan zamani.

Wannan ilimi yana da tarihi. A shekarar 1895, jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani malami, Wallace Sabine, gyaran zauren lacca inda kalma ke yawo fiye da daƙiƙa 5 kafin ta mutu. Ya riƙa ɗauko matasan kujeru daga wani zaure da dare, yana aunawa da agogo, har ya gano cewa daɗewar amo na ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shan sauti. Da lissafinsa aka tsara zauren kaɗe-kaɗe na Boston da aka buɗe a 1900. Ga ɗakin gida, ana son amo ya mutu cikin rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka.

Gwajin farko ba ya cin ko dala: mutum ya tsaya tsakar ɗaki ya tafa sau ɗaya. In tafin ya bar ƙara tana karkarwa, ɗakin na bukatar sutura: darduma mai kauri tsakanin lasifika da wurin zama, labule mai nauyi bisa taga, kujerun katifa, da kantar littattafai a bangon baya, wadda ke warwatsa sauti. Amma a yi hattara, ɗakin da aka lulluɓe ko'ina murya na shaƙewa cikinsa.

Na biyu, wurin ajiya. Lasifika biyu da kan mai saurare su yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya, misali metir biyu-biyu, ƙananan bakunan lasifika daidai tsayin kunne. A janye su daga bango da kamar rabin metir, kada a cusa su lungu, don lungu na kumbura kauri. Wani ya ja madubi bisa bangon gefe. Duk inda wanda ke zaune ya hango lasifika cikinsa, nan ne wurin rataya abu mai laushi.

Na uku, siffar ɗaki. Kowane tsawo yana da amon da yake ƙarfafawa. Tsakanin bango biyu masu tazarar metir 4, sauti mai kaɗawa 43 a daƙiƙa ne ke taruwa. In ɗaki metir 4 ne kowane gefe, tsawo da faɗi sun taru kan amo guda: ganga ta yi rugugi a gindin bango, ta ɓace a tsakiya. In 4 ne bisa 5, amon ya rabu, 43 da 34, kunne ya samu sauƙi. Labule ba ya maganin wannan, sai matsar da kujera daga tsakiyar ɗaki da kuma jikin bango. Mai shirin gini ya faɗa wa magini tun kafin a haƙa tushe.

Saura batun maƙwabta. Gyaran amo cikin ɗaki daban, hana shi fita daban. Kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa bai tare komi. Abin da ke tare sauti nauyi ne da toshe kafa: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, da rufe ƙasan ƙofa. Shi ya sa katangar laka ta tsofaffin gidajen Birni a Damagaram ta fi rufin kwano riƙe sirrin gida.

Daga ƙarshe, kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraren desibel 80 har awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 kacal. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ɗakin da aka gyara yana fid da murya sarai ba tare da an murɗa ƙara ba, sai mai gida ya tsira da kunnensa, da kuɗinsa, da kuma gaisuwar maƙwabcinsa.