Kowane Ɗaki Asibiti Ne? Sunayen Ɗakunan Jinya Tsakanin Ingilishi da Hausa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Idan haka ne, ya kamata masu nazarin harshe su dubi irin linzamin da aka sa wa Bahaushe game da wuraren neman magani, domin kalma ɗaya tak, watau "asibiti", ita ke ɗauke da kayan da Ingilishi ya rarraba wa kalmomi biyar ko shida. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan cunkoso yana da illa a ƙasa irin ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma gyaransa ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i.

Da farko a dubi kalmomin Ingilishin kansu. Wadda 'yan makarantun kwana suka fi sani ita ce "sikbe". Asalinta daga jiragen ruwa ne, inda akan keɓe wani lungu a kwantar da ma'aikatan jirgi da suka kamu da ciwo ko suka ji rauni, har a iso gaɓa. Daga baya kalmar ta hau tudu, ta shiga barikin soja da makarantu. "Infamari" daga kalmar Latin ta fito mai nufin rarrauna, kuma da ita ake kiran ɗakin marasa lafiya a gidajen masu ibada na Kirista a Turai. "Sanatoriyom" wurin doguwar jinya ne, musamman ta tarin fuka. "Disfensare" wurin rarraba magani ne kurum. "Kilinik" tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin gado, ko da yake akasari wurin da ba a kwana ake kira haka. Ita kanta kalmar da ta haifi "asibiti", tushenta na Latin baƙo yake nufi, watau dai masauki.

Abin lura shi ne, kowace ɗaya daga cikinsu tana shaida wa mai harshen iyakar abin da ɗakin zai iya yi masa. Baturen da ya ji an ce ɗansa yana sikbe ya san wurin jira ne, in ciwo ya yi tsanani sai an wuce gaba. Manomin Sabuwa kuwa, wanda babu ruwansa da teku balle lungun jirgi, in aka ce masa yaro yana "asibitin makaranta", sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka likita na kansa.

Hausa ba ta rasa dabarar magance irin wannan ba. Ta ari "likita" da "nas" da "kemis" ta hore su. Ta ɗauki "tiyata", wadda sunan ɗaki ce a Ingilishi, ta mai da ita sunan aikin da ake yi a ɗakin, har ake cewa an yi wa wane tiyata. A inda aro bai gamsar ba kuma, jama'a da kansu suka ƙirƙiro "ɗakin shan magani" da "asibitin sha-ka-tafi", sunayen da ba su bukatar fassara. Haka nan a 1920 ba a san "cibiyar killacewa" ba, amma a 2020, lokacin annobar korona, ta zauna daram a bakin mutane a madadin "kwarantin", wadda ita ma daga jiragen ruwa ta samo asali, daga kwana arba'in ɗin da ake tsare su a bakin gaɓar birnin Banis na Italiya.

To, ina illar take? Tsarin kiwon lafiya a Nijeriya hawa uku ne: matakin farko na ƙauye da gunduma, sai manyan asibitocin jiha irin na Ƙanƙara da Funtuwa, sa'an nan asibitocin koyarwa irin na Katsina da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Shi matakin farkon ma kashi-kashi ne, daga ɗan ɗaki mai ma'aikaci ɗaya zuwa cibiya mai gadaje da ɗakin haihuwa. Duk waɗannan "asibiti" ne a bakin talaka. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin isa wurin da ya dace, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mace mai zubar jini da aka kai ɗakin da ba a ƙarin jini, an ƙara mata tafiya ta biyu ke nan, alhali lokaci shi ne ranta.

A wannan yanki kuwa tafiya ta biyu tana da tsada ƙwarai. Kowa ya tuna da watan Disamba na 2020, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta kwana da ke Ƙanƙara, da kuma Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku. A irin wannan hali, mai ɗauke da majinyaci a bayan babur ba shi da halin buga waya ya tambaya, abin da suna ya gaya masa shi zai bi. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu.

Wani zai ce suna ba ya warkar da ciwo, abin da ake bukata ma'aikata ne da magunguna. Wannan gaskiya ne. Amma suna na gaskiya alkawari ne, kuma ma'auni ne. Muddin ana kiran ɗaki mai tebur ɗaya da kwalbar maganin zazzaɓi asibiti, to ɗan siyasa zai iya bugun ƙirji ya ce ya gina asibiti, jama'a kuma su rasa kalmar da za su ƙaryata shi da ita.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a raɗa wa kowane ɗaki suna daga aikinsa. Matakin ƙasa ya ci gaba da amsa "ɗakin shan magani", na gunduma ya zama "ƙaramin asibiti", na jiha "babban asibiti". Sikbe kuma a kira shi "zauren jinya", domin kowane Bahaushe ya san zaure wurin tsayawa ne kafin a shiga gida. A ƙarƙashin sunan a rubuta a allo, da boko da ajami, ko ana karɓar haihuwa da dare, ko ana ƙarin jini, ko ana tiyata.

Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi irin wannan aiki a zamaninta, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ya rage shi ne malamai da ɗaliban Hausa, musamman na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma, su zauna da ungozomomi da malaman asibiti na karkara, su tattara sunayen da mutane ke amfani da su, su tace, su miƙa wa ma'aikatar lafiya da gidajen rediyo. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gidansu.